Ɓarawon Ciyawar Teku

SHAFI NA 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba?", na gan ku ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu ruwan sama ya hana mu sakat a nan, har intanet ɗin ma ta yi yaji. Ke kuma da kika ce in jefa Des Maloney cikin tankin kifin shak, na ji kukanki, amma ki bar min tsohon nan, ina da aiki da shi. Ku gyara zama.

*

Asabar ce, kuma duk wanda ke garin Tarrabool ya san abin da Asabar ke kawowa ƙofar Gidan Ruwan Maloney, inda ake kallon kifaye da dabbobin teku: kwalayen zanga-zanga, ihu, da ƙamshin sosej da albasa.

Narelle Brennock, shugabar Ƙungiyar A Saki Biskit, ta iso tana jan ƙafa. Matar da ta yi shekara talatin tana tuƙa motar 'yan makaranta, wadda tsawarta ɗaya kan sa yara arba'in su yi tsit, yau ko gaisuwar kirki ta kasa yi. Jibi Litinin likitar dabbobi ta gwamnati za ta zo gwada Biskit, ayun da ya shekara goma sha ɗaya a tankin gidan nan. In ya ci ciyawar teku zalla a gaban idonta, za a mai da shi Gaɓar Wirra, inda aka kewaye ruwa da raga, ya koyi zaman teku. In ya ƙi, Des Maloney zai rufe gidan a ƙarshen shekara, a ɗora Biskit a jirgin sama zuwa wani katafaren gidan kallo a ƙasar waje, ya ƙare rayuwarsa a bayan gilashi.

Shi kuwa gogan, tun da aka yaye shi daga kwalbar madara, ganyen latas kaɗai aka san shi da ci.

"Rel!" Stav ne ya ƙwala mata kira daga bayan kaskonsa. Tsohon masunci ne, shi ke soya wa ƙungiya sosej tun ranar da aka kafa ta. "Albasa a sama ko a ƙasa?"

"Duk inda ka ga dama."

Ya ajiye abin juya naman, ya ƙare mata kallo.

"Shekara huɗu muna faɗa a kan albasar nan, yau ki ce duk inda na ga dama? Wa ya mutu?"

"Ba ni abina, Stav, ka bar ni."

Kafin ta kai burodin da ya sa mata sosej a ciki baki, Tahlia ta haye kan akwatin madara tana tafa hannu. 'Yar ƙanin Narelle ce, sakatariyar ƙungiya, tana karatun halittun ruwa a jami'a, kuma ba ta taɓa yin magana a hankali ba tun da aka haife ta.

"Jama'a! Ku matso! Yau ina da babban labari!"

Mutum ashirin da wani abu suka matso da kwalayensu.

"Ran Laraba da sassafe na je Wirra auna ciyawa saboda aikin makaranta. Teku ya janye. Kun san me na hango? Mutum! Da almakashi! Yana yankar ciyawar teku yana zubawa a bokiti!"

"Kai!"

"Ciyawar da doka ta hana taɓawa! Ciyawar da Biskit zai ci in mun fito da shi!"

"Ɗan banza!" in ji Misis Pickering, ba tare da ta ɗaga kai daga saƙarta ba.

"Na ɗauke shi hoto daga nesa, na kai ƙara ofishin masu kula da gaɓa a ranar. Tun ran Alhamis masu gadi biyu ke tsaye a wurin. Ko tsinke ba wanda zai sake cira!"

Aka ɗauki tafi da shewa. Narelle ma ta tafa, sau biyu, da burodi a hannu.

Tahlia ta warware wata ƙatuwar takarda, ita da wani suka ɗaga ta sama. Hoton mutum ne ta baya, ya duƙa cikin taɓo, da malafa da rigar ruwa rawaya, ga jan bokiti a gefensa. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: KUN SAN WANNAN ƁARAWON?

Narelle ta san shi sarai. Malafarsa da rigar ruwansa suna cikin but ɗin motarta yanzu haka, ko bushewa ba su gama yi ba.

"Ba ɗan garin nan ba ne," in ji Misis Pickering. "'Yan Sydney ne masu zuwa hutu, komai suka gani sai sun kai gida."

"Ƙato ne kuwa. Dubi faɗin bayansa."

"Wannan ai nauyinsa ya kai buhu biyu."

"Rigar ce ta kumbura da iska," Narelle ta faɗa da sauri.

Aka juyo ana kallonta.

"Ina nufin... haka rigar ruwa take yi. Kowa ya sani."

Da an bar maganar a nan, da ta sha. Amma Stav ya riga ya kashe wutar kaskonsa, ya lalubo tabarau daga aljihu, ya matso har hancinsa na neman taɓa takardar.

"Tahlia, 'yar nan, sauko min da shi ƙasa kaɗan."

Ta sauko da shi.

"Bokitina!"

"Na'am?"

"Bokitin albasata! Wata takwas ina nemansa! Dubi hannunsa, shuɗiyar igiya. Ni na ɗaura ta da kaina, ƙullin masunta ne, duk garin nan ba mai yin irinsa sai ni da abokin sana'ata, marigayi Col."

"To ka ga, ɓarawon ciyawa kuma ɓarawon bokiti!" in ji Tahlia, murna kamar ta taka rawa. "Ka tuna ranar da ya ɓace?"

"Yo zan manta? Ranar da aka yi ruwan ƙanƙara. Muna kwashe kaya a guje, sai wata ta ce, 'Stav, kawo in tafi da shi gida in wanke maka.' Washegari na tambaye ta, ta ce min iska ta..."



A hankali ya juyo. Ya zare tabaran. Ya dubi Narelle daga sama har ƙasa, ya sake duban hoton, ya sake dubanta.

"Rel," ya ce, "ɗan juya mu ga bayanki."

"Stav, na rantse zan kifa maka kaskon nan a ka."

 Misis Pickering ta ajiye saƙarta a cinya, abin da ba ta taɓa yi ba ko ranar da 'yan sanda suka zo.

Tahlia ta sauko daga kan akwatin.

"Gwaggo Rel, ki ce masa ƙarya yake."

Narelle ta dubi burodin hannunta. Ta miƙa wa Stav ya riƙe mata. Ta goge hannu a wando.

"Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni ce ƙaton. Kuma wanda ya ce buhu biyu, na ji muryarsa."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya yi maza ya mai da ita tari.

Tahlia ba ta yi dariya ba. Idonta ya kawo ruwa, ga takardar har yanzu a hannunta.

"Me kike yi da ciyawar?"

"Me ake yi da ciyawa? Ba wa mai cinta nake yi."

"Wa?"

Narelle ta nuna katangar gidan ruwan da haɓa.

"A ciki?" Muryar Tahlia ta tsinke. "Kina shiga CIKI?"

"Ta ƙofar baya. Kullum ƙarfe shida na safe."

"Tun yaushe?"

"Tambayi mai bokiti, shi ke riƙe da kwanakin."

"Wata takwas da kwana tara," in ji Stav.

Tahlia ta nuna ƙasa, inda wani layin rawayan fenti ya raba titi da farfajiyar gidan Maloney.

"Wa ya ja wannan layin?"

"Ni."

"Wa ya ce duk wanda ya ƙetare shi ya fita daga ƙungiya?"

"Ni."

"Ina shekara sha tara, Gwaggo! Ƙawata ta yi bikin ranar haihuwarta a cikin gidan nan, kowa ya shiga, ni na tsaya a nan cikin ruwan sama ina cin ƙonannen sosej ɗin Stav, saboda ke!"

"Bai ƙone ba," in ji Stav. "Ya dai nuna sosai."

"Yi mana shiru, Stav!" suka faɗa tare.

Abin ya yi wa Narelle zafi, don gaskiya yarinyar ta faɗa. Ta tuna ranar, ta tuna yadda ta yi ta alfahari da ita a gaban kowa. Kunya ta kama ta sosai, irin wadda rabonta da ji tun tana budurwa.

"Tahlia, saurara. Ni na tsinci Biskit a bakin ruwa bayan guguwa, ba uwa, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje. Ni na ba shi kwalba. Ni na kai shi wajen Maloney, ya ce wata uku, wata ukun ya zama shekara sha ɗaya. Wannan kowa ya sani."

"Shi ya sa muke nan!"

"Eh. Shekara huɗu muna ihun a sake shi, a sake shi. Rannan na zauna na ce, to in an sake shi fa, ya ci me? Kwali? Ayun da bai taɓa ganin ciyawar teku ba? Sati biyu zai yi ya mutu da yunwa a tsakiyar abinci."



"Kin fi ni karatu, kin san ayu ba ya ɗaga kai ya ci abu a saman ruwa, kiwo yake a ƙasa kamar saniya. Shi ya sa a ciki ake soka masa latas ganye-ganye a faranti mai ramuka, a nutsar da shi ƙasan tanki ya tsaya kamar gona. Sai na fara saƙa masa zaren ciyawa ɗaya a cikin ganye arba'in."

"Ya ci?" Misis Pickering ce ta tambaya.

"Ya tofar. Ya juya min baya kwana biyu. Ɗan rainin hankali har kumfa ya hura min a fuska."

Dariya ta ɓarke, wannan karon ba wanda ya ɓoye tasa.

"Sai na koma biyu. Sai biyar. Yanzu kashi uku cikin huɗu ciyawa ce, yana ci yana harara ta. Saura ƙiris, Tahlia. Saura ƙiris in zare latas ɗin gaba ɗaya, sai ga masu gadi biyu da tabaran hangen nesa."

Tahlia ta matso kusa da ita.

"Me ya hana ki neman takardar izini?"

"Mai gidan ne ke nema. Maloney ya ce gara a binne shi da ransa da ya rubuta wa gwamnati da hannunsa cewa mun fi shi gaskiya. Amma ya ba ni makullin ƙofar baya. Kuma kai-kai nake yanka, na fi ayu tausayi, shi har saiwa yake tumɓukewa."

"Mu fa? Me ya hana ki gaya mana?"

"Ku? Stav ba ya iya riƙe magana daga nan zuwa gidan mai. Ke kuwa da kin sa a intanet kafin in rufe baki."

"Ba zan..." Tahlia ta dubi takardar hannunta.

"Kin riga kin sa wannan, ko?"

"Mutum dubu huɗu sun gani," ta faɗa a ƙasan maƙoshi.

"Dubu huɗu sun ga bayana."

"An ce ƙato ne, ba wanda zai gane," in ji Stav, wai shi lallashi.

Tahlia ta zauna a kan akwatin madarar daɓas, ta rufe fuska da hannu biyu.

"Na shiga uku. Ni na tare masa abinci. Nawa ya rage?"

"Bokiti ɗaya, a firij ɗin Maloney. Ta Laraba ce. Kafin Litinin ta yi yauƙi, ko kaguwa ba za ta kalle ta ba."

"BRENNOCK!"

Duk suka juya. Des Maloney ne tsaye daga can ɓangaren layin, da gajeren wando da dogayen safa har gwiwa, shekara saba'in da huɗu, fuska jawur. A gefensa wata doguwar mata ce riƙe da jaka.

"Maloney," in ji Narelle. Haka suke kiran juna ko a ƙofar baya.

"Tunda asirinki ya tonu har ana jiyo shi daga ofishina, ga baƙuwa kin ja mana."

Matar ta yi murmushi.

"Sunana Dakta Tamwoy. Ni ce likitar da ya kamata ta zo jibi."

'Yar tsibiran arewacin ƙasar ce, inda yaro ke sanin ayu tun yana goye. Ta zaro wata takarda daga jaka.

"Wace ce Tahlia Brennock?"

Tahlia ta ɗaga hannu kamar mai laifi a aji.

"Rahotonki ya biyo ta teburina. Kin iya rubutu, har da awon igiyar ruwa kika sa. Na karanta na ce, ana satar ciyawar teku mil biyu daga gidan da ke da ayu mai cin latas. Ban yi karatun ɗan sanda ba, amma ban sha wahala ba." Ta juya wajen Narelle. "Maganar tarar da za a ci ki tsakaninki ne da masu gadi, ba ruwana. Ni dai na san ciyawar da aka yanka Laraba ba ta kaiwa Litinin. In za a gwada shi, yanzu ne."

Narelle ta zaro ido.

"Yanzu? Ai bai taɓa cin ta zalla ba!"

"To yau ma rana ce."

Narelle ta ja numfashi, ta taka layin, ta wuce. Ta waiwayo. Mutum ashirin da wani abu sun jeru a bakin fenti kamar masu jiran a ce su faɗa kogi.

"Me kuke jira?"

"Rantsuwa fa?" in ji Misis Pickering.

"Ni na ɗora muku, na sauke."

Stav ya fara ƙetarewa, abin juya nama a hannu.

"Ni bokitina zan karɓo."

Misis Pickering ta bi shi, zaren saƙarta na jan ƙasa. Sauran suka ɗuru. Des ya tare su da hannu.

"Ta baya! Ba wanda zai bi min ta ƙofar gaba da kwalin da aka zana ni da ƙaho!"

Tahlia kaɗai ta rage. Ta dubi layin, ta dubi gwaggonta.

"Zo mana," in ji Narelle. "Hannuna biyu ne, ramukan farantin ɗari da ashirin."

Tahlia ta ɗaga ƙafa sama sosai, ta tsallake, kamar fentin zai cije ta.

*

A bakin tankin suka durƙusa su biyu, faranti a tsakiya, jan bokiti a gefe, Stav na tsaye a kansa yana gadi. Narelle na soka ciyawar cikin ramuka da sauri, yatsunta sun san hanya. Tahlia na yi tana karyawa.

"Ba haka ba. Lanƙwasa gindin, ki tura da babban yatsa. In ta yi sako-sako za ta taso sama, shi kuwa ba zai bi ta ba."

"Gwaggo."

"Na'am."

"Ki yi haƙuri da maganar hoton."

"Ke ma ki yi haƙuri da bikin ƙawarki."

"An ce ma kek ɗin bai yi daɗi ba."

"To kin gani. Tura wannan."

Ruwan ya motsa. Wani faffaɗan baya mai ruwan toka ya taso, hanci biyu suka buɗe, fuuu, suka rufe. Biskit ke nan, kilo ɗari huɗu, da fuska kamar ta tsohon da aka tasa daga barcin rana.

Yawancin 'yan ƙungiyar ba su taɓa ganinsa ido da ido ba, sai a jikin rigunansu. Misis Pickering ta dafe ƙirji.

"Wayyo, ashe haka yake da muni. Allah sarki, ɗan albarka."

"Sharaɗi ɗaya," in ji Dakta Tamwoy. "Ba kira, ba buga ruwa, ba lallashi. Musamman ke." Ta nuna Narelle. "Minti goma sha biyar. In ya ci rabi, ya haye."

Des da kansa ya kama igiyar, ya zura farantin a hankali har ya zauna a ƙasa. Ciyawar ta miƙe tana rangaji.

Biskit ya nutsa. Ya zagaya farantin sau ɗaya. Ya kai gashin bakinsa ya shafa gefe, yana neman koren ganyen da ya saba farawa da shi. Babu. Ya sake zagayawa. Babu.

Ya taso, ya dubi Narelle, ya hura mata kumfa.

Sannan ya tafi can ƙarshen tanki ya juya wa duniya baya.

"Ka ga ɗan iska," Stav ya faɗa cikin raɗa.

"Minti biyar," in ji likita.

Narelle ta cusa hannayenta a hammata don kada su buga ruwa da kansu. Sunansa na kan harshenta, ta danne shi da haƙori. Tsoro ne ya cika ta, tsoron akwati da jirgi da wata ƙasa inda ba wanda ya san ba ya son a taɓa masa wutsiya.

"Minti tara."

Tahlia ta kama hannun rigar gwaggonta. Des ya cire hularsa yana murɗa ta.

"Ci mana, ƙaton banza," ya ce a hankali. "Na gaji da sayen latas."

"Malam Maloney, na ce ba lallashi."

"Zagi ne, Dakta."

Minti goma sha ɗaya, Biskit ya motsa wutsiya. Ya taho a lalace, kamar dai hanya ce ta biyo da shi ta wajen. Ya tsaya a kan farantin. Ya saukar da leɓensa.

Ya ja zare ɗaya. Ya tauna. Ya tsaya yana tunani.

Sai ya kifa fuska gaba ɗaya.

Kafin ka ce me, ya bi layin farko ya share, ya juyo ya bi na biyu, guntayen ciyawa na tashi ta gefen bakinsa. Bai ɗago ba sai da numfashi ya tilasta masa, ya shaƙa, ya koma. Bai bar ko rami ɗaya ba. Da ya gama har ya ture farantin da hanci ya duba ƙarƙashinsa.

Ihun da aka yi sai da tsuntsaye suka watse daga rufin. Misis Pickering ta jefa saƙarta sama. Stav ya rungume na kusa da shi ya sumbace shi a kumatu, sai daga baya ya ga Des Maloney ne.

"Sake ni, kana warin albasa!"

Tahlia na tsalle tana kuka tana dariya, kwalinta a sama.

"Zai tafi gida, Gwaggo! Zai tafi teku!"

Narelle ta zauna a bakin tankin. Daɗi ya cika ta, sai share ido take da bayan hannu.

Dakta Tamwoy ta durƙusa kusa da ita, ta ɗora wata takarda a kan jakarta, ta miƙa mata biro.

"Ya haye. Saura sa hannu biyu, na mai gida da na wadda ta raine shi. Malam Maloney ya riga ya sa nasa."

"Kawo, kawo! A ina?"

"Ki karanta layin ƙarshe tukuna."

Narelle ta karanta. Ta sake karantawa. Murmushin ya tsaya a fuskarta bai san inda zai je ba.

"Ban gane ba."

"Ayun da ya saba da mutum, in ya ji jirgin ruwa wajensa yake nufa, yana zaton an kawo masa abinci," in ji likitar, murya ƙasa-ƙasa. "Farfelar jirgi ba ta san sunansa ba. Na ɗinke irinsu da yawa, wasu ban samu abin ɗinkewa ba. In ana so ya rayu a can, dole ya manta da mutane. Daga yau ta bayan labule za a riƙa zura masa faranti. Kada ya ƙara ganin fuskar da ya sani, kada ya ƙara jin muryarta. Taki ce ta farko."

"Har zuwa yaushe?"

Likitar ta girgiza kai. Des ya kau da kai yana kallon bango.

"A Wirra ma? Ko daga kan tudu?"

"Ko daga kan tudu. Yana jin muryarki a cikin mutum ɗari."

Sauran ba su ji ba, suna can suna rera waƙar ƙungiya, Stav na kiɗa da gindin bokiti. Tahlia ta faɗo gefen Narelle tana haki.

"Sa hannu mana, Gwaggo! Me kike jira? Shekara huɗu!"

Ruwa ya motsa a gabansu. Biskit ya taso, ciki ya cika, ya ɗora haɓarsa a bakin simintin daidai gwiwar Narelle, ya lumshe ƙananan idanunsa. Jira yake a sosa masa goshi, yadda ake yi masa kullum in ya cinye farantinsa.

Narelle ta dube shi. Ta dubi takardar.

Ta mai da marfin biron ta rufe.

"Gwaggo?"

Ba ta kalli Tahlia ba.

"Maloney," ta ce, "gidan kallon nan na ƙasar waje da ka ce... suna barin mutum ya je ya gan shi?"